Hannun Don-me na Dama

Kujeru ashirin da huɗu ne a ajinmu. Tebura shida, almakashi masu dakusasshen baki goma sha biyu, kofunan roba ashirin da huɗu, kowanne da hoton dabbar mai shi a jiki. Na sani ne domin ni ke ƙirga su safe da rana, ko ba a sa ni ba. Tun makon da na fara aiki a matsayin mataimakiya yaran suka laƙaba mini Anti Lissafi, sunan ya bi ni har ɗakin malamai. Mai ajin kuwa Anti Babba suke ce mata, ko da yake in mun jera da kyar kanta ke kai kafaɗata.

'Yar kafinta ce. Mahaifinta ne ya ƙera kujerun farko na wannan aji na 'yan shekara huɗu zuwa biyar, ita kuma tana budurwa ta taya shi kawo su. Ta ce suna shiga ta tarar da wani yaro yana birgima a ƙasa yana ihu, malamar ta yi rarrashi ta yi tsawa duk a banza. Sai ta ajiye kujerar da ke hannunta ta zauna a ƙasa kusa da shi, ba ta ce masa ci kanka ba, har ya gaji don kansa ya rarrafo ya hau cinyarta. Mai makarantar ta leƙo ta taga ta ce, "Ke 'yar kafinta, gobe ki dawo." Dawowar ke nan. Tana wannan aji ta yi karatun koyarwa, ta yi aure, ta haifi biyu ta aurar da su, mijinta ya rasu. An sha yi mata tayin ajin manya, har kujerar shugaba an taɓa miƙa mata. Ta ce ita duk kujerar da ta fi gwiwarta tsawo jiri take sa ta.

Ba ta yi wa yaro magana a tsaye. Sai ta durƙusa, ido cikin ido. Shekara da shekaru tana haka, gwiwoyin suka ji jiki, in za ta miƙe sai ka ji ƙas-ƙas, yaran su ce, "Anti, ƙofarki tana son mai." Rigar aikinta aljihu huɗu gare ta: na hankici, na alli, na filasta, da na kayan da aka ƙwace. A na huɗun nan na taɓa ƙirga murfin kwalba tara, ƙusa biyu, da ɗan kwaɗo mai rai.

Abu biyu ne nata na kanta, ba makaranta ce ta tsara ba. Na farko igiyar fita. Doguwar igiya ce ta ɗinke mata madaukai ashirin da huɗu na ƙyalle, biyu-biyu suna kallon juna, kowane yaro da nasa da abokin tafiyarsa. Ko bakin titi za a je, sai kowa ya zura hannu a madaukinsa.

Na biyu takardar hannu. A makon farko na shekara takan ba kowane yaro farar takarda mai kauri, ta ja layi a tsakiya. Yaro ya tsoma hannun hagu a fenti ya buga a ɓangaren hagu. Sai ta tattara ta ɗora saman kabad tare da gwangwanin shuɗin fentin, inda ba hannun da zai kai. A makon ƙarshe ake saukowa da su a buga na dama. Ranar rufe makaranta a miƙa wa iyaye, su ga hannu biyu a jere, ɗaya ya ɗara ɗaya. Na ga manyan maza masu gemu suna share ido a kan wannan takarda. Ƙa'idarta guda ce, ba ta kuma taɓa karya ta ba: ba a buga na dama sai makon ƙarshe.

A shekarar da nake magana muna da wani yaro da kowa ke kira Don-me. Ba sai na faɗi dalili ba. Ranar da aka buga na hagu ya tsaya da hannu yana ɗiga.

"Anti, don me hannu ɗaya kawai?"

"Ɗayan sai ƙarshen shekara."

"Don me?"

"Don ka ga yadda ka girma."

"Don me ba zan gani yanzu ba?"

"Don ba ka girma ba tukuna, sarkin tambaya. Wuce ka wanke hannu."

Na taɓa ƙirga masa "don me" talatin da ɗaya kafin a fita tara. Ni a ta biyar nake gajiya. Anti Babba kuwa amsawa take har ta ƙarshe, in ba ta sani ba ta ce, "Wannan sai na tambayo." Ta kuma tambayo ɗin. Mahaifiyarsa wanki da guga take yi a wani ɗan shago bayan tashar mota, a nan suke kwana su biyu. Rigarsa ta fi ta kowa fari, farcensa kuma kullum da shuɗin bula, don yana taya ta ɗauraya. Raƙumin dawa ne a jikin kofinsa. Abokiyar tafiyarsa a igiya wata yarinya ce da muke kira Aku, wadda ba a yin magana a gabanta sai in ana so duniya ta ji.

Kowace safiya, kafin ya rataye jakarsa, sai ya zo ya kifa hannun dama a tafin Anti Babba.

"Ya ƙaru?"

Ta duba da gaske, ta juya shi. "Ya ƙaru da ƙwayar shinkafa ɗaya."

"Jiya ma haka kika ce."

"To ai sun zama biyu ke nan. Je ka tambayi Anti Lissafi."

A tsakiyar zango na biyu muna fentin kifayen kwali, sai shuɗin da muke da shi ya ƙare, na hau kujera na sauko da na saman kabad. Ina juya baya, Don-me ya tsoma hannun dama har wuyan hannu. Ya zo ya tsaya gaban Anti Babba, hannun a sama, fenti na gangarowa zuwa gwiwar hannu.

"Anti, yau dai. Na riga na sa. Ki sauko mini da takardata, ba zan gaya wa kowa ba."

"In na buga maka sai na buga wa ashirin da uku. Kuma ga Aku tana kallonmu."

"Ban ga komai ba!" in ji Aku, da ƙarfin da ajin gaba ma suka ji.

Anti ta yi dariya, ta ɗauke shi ta kai shi bakin bahon wanke hannu, ta sa sabulu ta wanke hannun da kanta, yatsa bayan yatsa. Yana kuka yana cewa, "Don me kike wankewa?" Ta ce, "Saura kaɗan. Ka bari ya ƙara girma."

Washegari bai zo ba. Aka ce zazzaɓi ne. Kafin mako ya zagayo aka aiko mana cewa ya rasu a asibiti.

Mun je gaisuwa, malamai shida a motar makaranta. Shagon ya cika har bakin titi. Anti Babba ta durƙusa gaban uwar ta ce, "Allah ya ba da haƙuri," daga nan bakinta ya rufe. Tun daga ranar ban ƙara jin ta ambaci sunansa ba. Aiki dai ba ta fasa ba, waƙa ba ta fasa ba. Amma na ɗauke kofinsa na sa a kabad, da safe na tarar da shi a layi an wanke. Na sake ɗaukewa, ya sake dawowa. A karo na uku na haƙura.

Ƙarshen shekara a ajin ƙanana ba hutu ba ne, yaƙi ne. Akwai hulunan kwali da za a yanka a manna musu taurari, akwai waƙar bankwana da za a koya wa mutanen da ba su iya tsayuwa a layi ba, akwai fita zuwa gidan namun daji, akwai takardar hannu. Ni kuwa wannan lokacin nake so, don komai yana da adadi. Na yanka huluna ashirin da uku na jera a taga. Da na dawo daga wanke burushi na ƙirga, ashirin da huɗu. Ta ƙarshen gefenta ya ɗan karkace, don Anti ba ta iya yanka madaidaici kamar ni ba. Na bar ta a layi.

Ranar da na sauko da takardun hannu, tasa ce ta bakwai daga sama. Ɗan hannun hagu, babban yatsan ya goge kaɗan don bai tsaya wuri ɗaya ba. Ɗaya ɓangaren fari fat. Na kalle ta na ce a raina wannan ai tana da gyara. Bayan an tashi na ɗauko babban almakashi.

"Anti, na samo mafita. In aka bi layin nan na tsakiya aka yanke, sai ta zama takarda mai hannu ɗaya cif. In manna ta a kwali, in yi mata gefe da zare. Ba wanda zai san akwai wani ɓangaren."

"Ni zan sani."

"To ke kaɗai ce."

"Ajiye almakashin nan, Lissafi, kafin in sa shi a aljihu na huɗu."

Na ajiye. Ta zauna a ƙaramar kujera ta ɗora takardar a cinya.

"Haka zan ba uwarsa, yadda take. Kuma zan gaya mata."

"Ki gaya mata me?"

"Cewa ya roƙe ni. Hannun yana cikin hannuna, 'yar nan, da fentinsa da komai. Takardar tana nan saman kaina. Miƙa hannu kawai zan yi. Da yanzu tana da biyu."

"Haba Anti, wa ya san gobe? Ƙa'ida kika bi."

"Wa ya kafa ƙa'idar?"

Na ce, "To me amfanin gaya mata? Ba zai dawo da komai ba."

"Za ta ga wurin fari ta zaci lokaci ne bai kai ba. Lokaci ya kai, ni ce na wanke. In ta zage ni ta zage ni, haƙƙinta ne. Amma ba zan miƙa mata takardar nan in yi shiru kamar ban san komai ba."

Shugabar makaranta da ta ji labari ta kira mu ofis. Mace ce mai kirki, ba ta son hayaniya. Ta ce a sa takardar a kabad, kada a gayyaci baiwar Allah nan bikin 'ya'yan wasu a fama mata ciwo. Anti ta ce takardar ba ta makaranta ba ce, ta uwarsa ce, kuma kowace uwa a ajinta ana gayyatarta, zuwa ko rashin zuwa nata ne. Shugaba ta dube ni ko zan taya ta, na dubi silin. Ƙarshe dai ni aka aika.

Na sami uwar tana guga, riguna goma sha huɗu a rataye a bayanta. Na gaishe ta, na faɗi rana, na ce Anti Babba tana da ajiyarta. Ba ta ɗago ba. Ta juya hannun riga ta bi shi da dutsen guga, ta ce, "Na ji, Malama. Na gode." Na dawo na ce wa Anti ba na jin za ta zo.

Safiyar fita na ɗauko igiya da niyyar kwance madaukinsa, in sa Aku a gaba kusa da ni. Aku ta ƙanƙame igiyar.

"Wannan na Don-me ne."

"Na sani, amma ke kaɗai za ki yi tafiya?"

"Ina da hannu biyu ai," ta ce, ta zura hagu a nata, dama a nasa. Haka ta yi tafiya a karkace kamar kaguwa, ba ta saki ko ɗaya ba.

Baba Direba na bakin bas yana jiranmu da tsokanarsa ta kowace shekara. "Anti Lissafi, nawa za mu kai, nawa za mu dawo da su? Zaki ya aiko a kawo masa biyu masu ƙiba." Yaran suka kaure da ihu, kowa yana nuna ɗan'uwansa. Na ce ashirin da uku za mu kai, ashirin da uku za mu dawo da su, in ba haka ba shi za mu bari a can. Anti Babba ita ba da baki take ƙirga ba. Takan tsaya a ƙofar mota ta dafa kan kowane yaro yana shiga. Ta dafa kan Aku, hannunta ya wuce gefe don ya dafa na gaba, ya tsaya a iska. Ta mayar da shi aljihu. Baba Direba ya gani, ya juya yana goge madubin da ba shi da datti.

Mun ga birai, mun ga kada wanda yaran suka rantse na roba ne, mun ga jimina da ta kusa sace hular wani. Sau biyu na raka mutane bayi, kwalaben ruwa uku suka ɓata. Sai muka iso wurin raƙumin dawa. Ya sunkuyo da kansa ta saman waya, yaran duk suka yi tsit, baki buɗe.

Aku ta ce, "Anti, don me wuyansa ya yi tsawo haka?" Kafin a amsa ta ƙara da cewa, "Ba ni nake tambaya ba. Na tambayar masa ne."

Anti Babba ta durƙusa a kan tsakuwa. "Don ya ci ganyen sama."

"Don me ba ya cin na ƙasa?"

"Ya bar wa gajeru irinmu."

"Don me ba ya magana?"

Anti ta buɗe baki. Na san abin da za ta ce, "wannan sai na tambayo," amma bai fito ba. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, gwiwoyin suka ƙi. Ni da Baba Direba muka kama ta hagu da dama. Wani yaro ya ce ƙofar Anti ta lalace gaba ɗaya, sauran suka yi dariya, ita ma ta taya su, tana goge fuska da hankicin da ake goge musu hanci da shi.

A makon ƙarshe muka buga hannayen dama. Ni ke riƙe takarda, ita ke danna yatsu. Na bi su da abin awo don son sani: wanda ya fi kowa ƙaruwa ya kusa santimita ɗaya, wanda ya fi ƙaranci rabinta. Ba wanda bai ƙaru ba. Ashirin da uku muka shanya a igiyar taga. Ta ashirin da huɗu tana cikin kwali a kan teburinta.

Ranar rufewa iyaye da 'yan'uwa hamsin da takwas na ƙirga. Yaran suka yi waƙa, rabi na gaba rabi na baya, hula biyu suka faɗi, wani ya hango kakarsa ya bar layi. Ana tsakiyar haka na ga uwar Don-me ta shigo ta tsaya jikin ƙofa, cikin farin mayafi da ya sha guga. Na taɓa Anti da gwiwar hannu. Ta ce, "Na gan ta."

Aka fara kiran suna. Yaro ya fito da uwarsa ko ubansa, Anti ta durƙusa ta miƙa takarda, a tafa. Na ashirin da uku ya karɓa ya koma. Anti ta tsaya, kwalin yana hannunta.

"Anti, saura Don-me!" in ji Aku.

Anti ta dubi ƙofa, leɓenta yana motsi, ba sauti. Uwar ba ta motsa ba. Shugaba ta yi maza ta miƙe ta gode wa iyaye, aka tafa, aka shiga ɗaukar hoto. Na ce a raina shi ke nan, dama ta wuce.

Da mutane suka watse na shiga tattara kujeru, shida-shida a kusurwa. Layi na huɗu ya tsaya a biyar. Na waiga, ga uwar zaune a kan ta ƙarshen, gwiwoyinta sun kusa kai ƙirjinta, kofin raƙumin dawa a hannunta. Ban san lokacin da ta ɗauko shi ba.

Anti Babba ta zo ta durƙusa gabanta, ƙas-ƙas, ta zaro takardar ta ɗora mata a cinya.

"'Yata, ga ajiyarki."

Uwar ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa kusa da shuɗin hannun, ba ta taɓa ba. "Wannan gefen fa, Malama?"

"Na hannun dama ne. A makon nan ake bugawa." Anti ta dube ta ido cikin ido. "Amma akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar da ya zo ta ƙarshe, ya tsoma hannun a fenti ya zo ya roƙe ni in buga masa. Na ce sai ƙarshen shekara. Na kai shi baho na wanke da hannuna. Yana kuka na wanke. Don-me ya roƙe ni, na hana shi."

Karon farko ke nan da na ji sunan a bakinta tun rasuwar.

Uwar ta ɗago a hankali. Na matso, don ban san me zai biyo baya ba.

"Ranar ce ashe," ta ce. "Ranar ya dawo bai ci abinci ba. Ina can ina shanya, ya tsoma hannu a ruwan bula mai kauri da na haɗa, ya je ya buga a bangon shago, nan kusa da ƙofa. Mai gidan bai daɗe da yin sabon fenti ba, ya kuma ja mini kunne a kan bangon. Ina shigowa na gani. Na buge masa hannun, Malama. Wannan na daman. Na ɗauko soso da sabulu."

Anti ta rufe ido.

"Yana tsaye a bayana yana cewa, 'Mama, don me kowa yake wankewa?' Na ce ya rufe mini baki. Tun da ya tafi nake juya maganar nan, wane ne kowa? Ni kaɗai ce a shagon. Sai yau."

"Bai saura ba? Ko ɗan yatsa?"

"Na iya wanki, Malama." Ta yi wani ɗan murmushi da na gwammace ban gani ba. "Ko tabo babu. Na duba da rana, na haska da fitila, na jiƙa wurin ko zai taso. Babu."

Anti ta kama hannayenta biyu. "Ki yafe mini, 'yata."

"Wa zai yafe wa wa?"

Suna nan, ɗaya a ƙaramar kujera ɗaya a ƙasa, goshi kusa da goshi, takardar a tsakaninsu suna kare ta kada hawaye ya ɗiga a kai. Ni da ba na iya tsayuwa hannu rabbana, na je na ɗauko babbar ambulan. Takardar ta fi ta faɗi da kaɗan. Na ce in an lanƙwasa a kan layin tsakiya za ta shiga.

"A'a," in ji uwar. "Kada a lanƙwasa."

Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a tebur, ta kwantar da takardar a kai, ta rufe gefe da gefe yadda take rufe kayan mutane in ta gama guga. Ta ajiye kofin a layinsa. Ta ɗauki ƙunshin a kan tafuka biyu, ta fita tana takawa a hankali. Na bi ta da kallo ta taga har ta tsallaka titi. Baba Direba ya bi ta da bas ya ce ta shigo ya kai ta, ta girgiza kai, wai a mota za a matse takardar.

Na ɗaga Anti daga ƙasa. Ta ce in ba ta gwangwanin shuɗin fentin. Na zaci za ta ce in mayar saman kabad. Sai ta kai shi kan ɗan kanta na ƙasa, inda ake ajiye alli da kwali, ta ajiye.

Bayan hutu ba ta dawo ba. Ta ce gwiwa ce, likita ya hana ta durƙuso, ita kuma ba ta san yadda ake koyar da yaro a tsaye ba. Gwiwar gaskiya ce. Aka ba ni ajin. Ta aiko mini da igiyar a leda, an wanke, madaukan nan duk suna nan, da rigar aikin mai aljihu huɗu wadda ta yi mini gajarta. Saƙon baki ɗaya ta haɗo ta hannun Baba Direba: duk yaron da ya ce a buga masa, in buga masa a ranar.

Haka nake yi. Ana buga na hagu a makon farko, na dama a makon ƙarshe, amma takardun da fentin suna ƙasa, wanda ya so ya ɗauko. Bara wata yarinya ta kai wa ubanta takarda mai hannu bakwai, wani kan wani, ba a gane wanda ya ɗara wani. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya ce, "Malama, wannan hannu ne ko itace?" Fenti kuma gwangwani huɗu muke ci a shekara maimakon ɗaya. Shugaba ta yi magana sau biyu ta gaji.

Ina zuwa gaishe da Anti a gidan babbar 'yarta. Takan zauna a tabarma, ƙafafu a miƙe, kujerun falon duk sun fi gwiwarta tsawo. Da na je bayan an koma makaranta bana, ta tambaye ni, "Nawa ne?"

"Ashirin da huɗu cif."

"To igiya ta cika." Ta dube ni. "Akwai mai tambaya a cikinsu?"

Na ce akwai wani, amma bai wuce goma a rana.

"Ki riƙa amsa masa," ta ce. Ta buɗe tafin hannunta a cinya tana kallo, har 'yarta ta shigo da ruwa ba ta rufe ba.